Dokar Mai Furfura

"Baba, waɗannan dokokin Yahudawa ne. Mu Kirista alheri ya 'yantar da mu."

Kafinta ya ajiye cokalinsa. Ɗansa ne, da ya zo hutu daga makarantar fastoci, yake lissafo abubuwan da aka daina: hadayu, haramtaccen nama, kiyaye Asabar.

"Duka?"

"Zamaninsu ya wuce, Baba."

Kafinta dai karatunsa bai yi nisa ba. Marigayi mahaifinsa kawai ya faɗo masa a rai. Cikin Shari'ar Musa, doka guda tsohon ya riƙe gam: a miƙe wa mai furfura. Ko yana zaune yana goge katako, dattijo na shigowa shago zai miƙe, gwiwarsa na ƙara, ya murɗe kunnen duk yaron da ya yi nawa. Yanzu dokar nan ita ma za ta bi shi kabari ke nan?

Washegari Kafinta ya tarar da ɗansa a shago, zaune kan bencin kakansa yana karatu. Yana shiga, yaron ya miƙe zumbur.

Kafinta ya waiga don ya ga wane dattijo ne ya biyo shi. Babu kowa a ƙofa.

"To, Fasto, wa kake miƙe wa? Ba ka ce ta wuce ba?"

"Ƙafafuna ba su shiga ajin ba," in ji ɗan yana dariya. "Baba, yaushe rabonka da madubi?"

Kafinta ya shafa kansa a hankali. Duk tsawon lokacin nan, ya ɗauka ƙurar katako ce.