Kwikwiyon Korar Baƙo

"Fitar da katifar ƙaninki daga ɗakin nan," maigida ya ce wa matarsa. "Daga yau na kare ne."

Ƙanin nata kullum sai an sauke tukunya yake sallama, ya ci, ya miƙe ƙafa har yamma. Maigida ya rasa bakin korarsa, sai ya ce kare zai yi masa aikin.

"Ban son jariri mai kaɗa wa kowa jela. Samo mini kwikwiyon da ya tasa, wanda ba ya yarda da baƙo."

"An gama," in ji ta.

Ya sayo sarƙa da kwano, har fanka ya sa, shi da famfon kicin ya gagare shi gyarawa.

Washegari ya dawo daga aiki, yana tura ƙofa kwikwiyon ya yo kansa. Da ƙyar ya sha, ya bar takalmi ɗaya.

Ƙanin ya leƙo, cokali a hannu.

"Yi haƙuri, Yaya! Ni na rene shi, ba ya cin abinci sai a hannuna, shi ya sa na tare gaba ɗaya. In za ka shigo, ka riƙa kirana tukuna. Ba ya son baƙi."