Maƙerin da Yake Manta Tabarau

Zauna nan, Laraba. Matar fasto ta gaya mini kina so a cire sunanki daga ajin baftisma, kin kuma ƙi faɗin dalili. Ba zan matsa miki ba. Bari dai in ba ki misali da wani maƙeri da na sani a ƙauyen da na fara aikin bishara.

Dattijo ne mai furfura. Rabin garemanin garin daga maƙerarsa suka fito, in ya yi magana a dandali kowa yakan yi shiru. Ya haura shekara hamsin kafin ya shiga ajin masu shirin baftisma da tabbatarwa. Kowace Asabar da la'asar yakan zo da littafin aji a naɗe cikin ƙyalle, ya zauna a bencin gaba. Sai dai bai san ko baƙi ɗaya ba, kunya kuma ta hana shi faɗa. Duk sa'ad da karatu ya zagayo kansa, sai ya lalube aljihu ya ce ya manta tabarau a gida. Wata biyar yana haka. Da aka sanar Bishof zai zo bayan girbi, fasto kuma zai gwada kowa kafin ranar, abinci ya daina shiga masa. Ya riga ya ƙudura a ransa zai kwanta ciwon ƙarya har bikin ya wuce.

Matan ajin kuwa tausayinsa suke ji. Ɗaya daga cikinsu ta je kasuwar birni, ta sayo tabarau, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu a gaban kowa. Ta ce, "Baba, yau kai za ka karanta mana." Ya karɓa ya sa, ya buɗe littafin, ya zuba wa takarda ido. Can ya cire tabarau ya ce, "Fasto, idona lafiya lau. Ban taɓa shiga makaranta ba. Tun farko ƙarya nake yi muku, ga shi ina neman baftisma da ƙarya a bakina." Ya miƙe zai fita. Fasto ya tare shi ya ce, "Baba, ajiye littafin. Gaya mana abin da kunnenka ya ji a wata biyar ɗin nan." Maƙeri ya tsaya, ya fara a hankali. Ya kawo Addu'ar Ubangiji, ya kawo Dokoki Goma, ya amsa tambayoyin aji ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda masu karatun suke tuntuɓe a kansu. Bai gama ba wata tsohuwa a bencin baya ta ce ita ma 'yarta ke biya mata a gida, buɗe littafin kawai take yi. Dariya ta kama ajin, har da shi, yana share ido da bakin riga. Ranar da aka yi masa baftisma a rafi, ya gaya mini ya daɗe bai ji iska ta shiga ƙirjinsa kamar yammacin da ya yi maganar nan ba. Daga baya aka buɗe musu ajin yaƙi da jahilci ranar Laraba, su bakwai.

Ban san abin da kike riƙe da shi ba, 'yata, ko karatu ne, ko wani abu na baya da kike ganin ba ya faɗuwa. Fasto yana ofishinsa har ƙarfe biyar, in kin fi so matarsa ta raka ki. Ki je ki sauke. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.