Takalmin Hagu

Wata mata ta tsaya gaban kwalin da aka rubuta wa "kyauta", ta ɗago takalman ƙwallon. Tun safe ɗan tsohon mai gidan ya baje tarkacen gidan a bakin gareji, nan garin Sedgefield na Ingila, mai so ya zo ya zaɓa. Sai yanzu tsohon ya san har da takalmansa.

Ya zuba mata ido. Ko ta gane darajarsu ne?

Ya murzo keken guragunsa kusa da ita, ya hau ba ta labari da Turancinsa na mutan da. Asalinsu na wani Bature ne da ya ci abinci da ƙwallo a Ingila tun kafin yaƙin duniya. Da gwiwarsa ta lalace, kulob ya sallame shi, ya ƙare a haƙar kuza a Jos. Baturen ne ya koya wa tsohon ƙwallo, ya bar masa su. Da na hagun nan ya ci ƙwallon da ya sa aka ɗauke shi a kafaɗa har kasuwa.

"Haba Baba," in ji ɗan nasa da Hausa, "ba tarihi ta zo nema ba."

Matar ta yi murmushi tana lallatsa fatar. Ta ce kwikwiyonta ne ke fitar da haƙora, ɗaya ma ya ishe shi tauna.

"Ka gani? An bar maka ɗaya," in ji ɗan. "Daidai da kai."

Tsohon ya leƙa kwalin. Na hagu ta bari, na ƙafar da likitoci suka yanke bara.