Gizo-gizon Rumbun Baba

Shekarar da fara ta cinye gonakin Bazaga, Baba ya ɗaga ni bayan la'asar ya zura ni cikin rumbu in dubo sauran hatsi. Babu komai sai warin ƙaiƙayi.

"Mi kika gani, ɗiyata?"

"Gizo-gizo, Baba."

Sai ya ce, "Wane iri? Mai dogayen ƙafafu ko mai tsalle?"

Na daɗe ina faɗa mashi kamanninsu, yana ba kowanne suna. Bai sake tambayar hatsi ba.

Da na girma na tarar ba wanda ya san sunayen nan. Ashe ƙirƙira Baba yake yi, yana jinkirta komawa gaban Inna ya faɗa mata hatsi ya ƙare. Ban yi kuka ba ranar, har yau ban yi ba.