Labarina a Ƙunshin Ƙosai

Wata la'asar, ina aji shida, na tarar da kakata a ƙofar gidanmu na Ƙofar Durbi tana yagar littafin da nake rubuta labari a ɓoye, tana ƙunshe ƙosai. 

Sai ga Malam Sani tela, wanda ya sayi ƙosai ɗazu, ya dawo da shafi ɗaya, duk ya sha mai.

"Inna, wa ya rubuta wanga? Ina sauran?"

Ta nuna ni. "Ƙarƙashin katifarta na samo."

"Ɗiyata," in ji Malam Sani, "labarin ƙarƙashin katifa ɓera kaɗai ke karanta shi. Ƙarasa ki kawo mani."

Har yau, in na ji ƙamshin ƙosai, sai in nemi biro.