Ƙwayar Gudiya a Bakin Tasalla

A bazarar 1986 likita a Jega ya auna Tasalla, mai tsintar albasa daga Aliero, ya ce jininta ya hau. Ya ba ta 'yar ƙwaya mai sa fitsari, ɗaya kowace safiya. Ta sha mako biyu, ta raina ta. Mu kuwa haka muka taso muna ji, wai maganin da bai girgiza mutum ba bai yi aiki ba. Wa ya auna wannan magana? Babu.

Sai ta je Maiyama duba yayarta Gudiya, wadda ciwon zuciya ya kumbura wa ƙafafu kamar turmi. Ta tarar da su sun saɓe, har jijiya ta fito.

"Ikon Allah! Yaya, mi anka ba ki?"

"Ƙwayar fitsari, irin taki. Amma tawa ba ta wasa. Kwana ukku, ruwan duk ya zube."

"Tawa dai ragguwa ce."

Gudiya ta ƙulle mata goma a bakin zane. Zumunci ne a ganinta.

Tasalla ta ajiye tata, ta kama ta yayarta, ga rana tana dukan ƙeya a wurin tsinta. Harshe ya bushe, ƙafafu suna ɗaurewa, ido yana duhu. Ta ce ai cutar ce ke fita. Rana ta biyar ta miƙe da kwando a ka, jiri ya kwashe ta, ƙugu ya karye.

Masu ɗorin Aliero sun haɗa ƙashi. Da aka koma Jega, likita ya duba ƙwayar, ya girgiza kai.

"Baba, yayarki ruwa ya yi mata yawa. Ke kuwa naki ruwan daidai yake. Kin zubar da wanda ke riƙe da ke, har da gishirinsa."

Tsarki ya tabbata ga Wanda ya auna ruwa da gishiri a jikin ɗan Adam! Abin da ƙumba za ta ɗauka ya tayar da yaya, ya kwantar da ƙanwa. Tasalla ba ta sake taka ƙasa ba sai da sanda, tsinta kuma ta ƙare.

Jama'a, ƙwayoyin fitsari iri-iri ne, ƙarfi ba shi ne dacewa ba. Wanda ya auna ki shi zai zaɓa miki. Maganin 'yar'uwa ba naki ba ne.