Ja ko Kore

"Baba, yau ja ne ko kore?" in ji autata, tana leƙen wayata.

Manhajar tsara aiki ce ta masaƙarmu. In akwai zare a sito sai ta nuna kore, mu fita aiki. In babu sai ja, kowa ya zauna gida.

Ja ya daɗe, har na rame. Kullum nakan ce, "Auta, taya ni da addu'a."

Yau sai ga kore. Na yi hamdala, na rarumo takalmina. Ita kuwa ta fashe da kuka.

"Haba Auta, ai addu'arki ce ta karɓu."

"Ni ja nake roƙo, Baba. Tun rasuwar Mama, ran ja kaɗai nake dawowa daga makaranta in tarar da mutum a gida."